Kwalba ta Ɗari Biyu da Sha Uku

A Ikitos ruwa ba ya sallama kafin ya sauko.
Tun asuba yake dukan kwanon ɗakin gwajinmu,
ni kuwa ina zaune da safar roba a hannu,
ina ƙirga zobba a jinin wanda ban taɓa gani ba.

Haka ƙwayar zazzaɓin take a ƙarƙashin madubi:
ɗan zobe shuɗi mai ɗigon ja a gefe,
kyakkyawa, kai ka ce na sayarwa ne.
Irinsa ne ya ɗauke mana Wilmer, ƙanena,
yana shekara tara,
haƙoransa na kaɗawa kamar cokali a kofi,
sauro na ta kiɗansa a bayan gidan sauro mai huji.

Sassaƙen nan daga saman kogin Nanay ya zo,
kwana biyu a kwalekwale.
Tsoho Eusebio Yahuarcani ne ya sara da addarsa
ta gefen da rana ke fitowa,
ya ɗebi laka ya shafe wa itacen rauni.
Ya ce, "Marleni, wanda ya ara miki fatarsa
ba a barinsa tsirara."

Na shanya, na daka, na jiƙa, na tace,
na ƙafar da ruwan har ya koma ɗanko,
baƙi ƙirin, bai cika cokali ba.
Daga buhu guda!
Na manna masa lamba, domin a nan
itace ba ya amsa sunan da kakanni suka raɗa masa.

Farantin gwaji gurbi casa'in da shida gare shi,
dara ce da ake yi da abokin gaba marar fuska.
Na ɗiga jini, na ɗiga magani, na rufe.
Kwana biyu cur.
Sau uku wuta na ɗaukewa,
janareta na tari, Dokta Pinedo na lallashinsa
kamar mai jinyar surukinsa.

Ran Alhamis na leƙa.
Gurbin farko, babu zobe.
Na biyu, babu.
Na tashi na wanke fuska, kada ido ya yi mini ƙarya.
Babu, babu, har ƙarshen layi.
Na kira sunan Wilmer a hankali, ban san na kira ba.

Sai na jawo ɗaya farantin,
mai ƙwayoyin hantar mutum lafiyayyu.
Su ma sun mutu.
Kaf.
Maganin ya kama ɓarawo,
ya haɗa da mai gida, ya cinna wa gidan wuta.

Na rubuta a littafi: yana da ƙarfi, yana da dafi.
Kalma shida, aikin wata bakwai.

Da kogi ya janye na koma.
Na tarar da tsoho yana ɗinkin taru, na faɗa masa.
Bai ɗago ba. "Wa kika bai wa?"
Na ce, "Faranti."
"Farantin ya yi rawar ɗari? Ya kira uwarsa?"
Ya yi dariya har da tari, sannan ya yi shiru.

"Ba ma ba mai ciki," in ji shi. "Ba ma ba yaro.
Mahaifiyata ta hana, ta mutu ba ta faɗi dalili ba.
Shekara sittin ina bi a makance.
Ashe dalilin yana can a farantinki."

Ya miƙe da ƙyar, ya zaga bayan bukka,
ya dawo da wani ganye mai gashi-gashi.
"Ba a sakinsa shi kaɗai. Wannan ke riƙe masa hannu.
Da kin tambaya."

Yanzu ganyen na bushewa a kan tsohuwar jarida.
Ruwa ya dawo kan kwanon.
Na yanki takarda, na lashi bakin alƙalami
kamar yadda Wilmer ke yi,
na rubuta: ɗari biyu da sha huɗu.